Ɗakin Inna ya zama ɗakin kallo

A gidanmu akwai wani ɗaki kusa da zaure, hannun dama in ka shigo. Ɗakin Inna ne, mahaifiyata. Nan ta zauna shekara 11. Da Allah ya yi mata rasuwa cikin shekarar 2020, sai munka ja ƙofa munka sa kwaɗo. Ba wanda ya ce a rufe. Kowa dai ba ya son shiga. Daga baya uwargida ta fara aje buhun hatsi can, da tsohon keke, da tukwanen da sunka tsage. Ɓeraye sunka samu gida.

Ni ban yi niyyar taɓa ɗakin nan ba. Babban ɗana ne ya jawo.

Lokacin shekarunshi 14. Wani dare wajen ƙarfe 11 na tashi, na leƙa inda yara ke kwana. Ba kowa bisa tabarmarshi. Ya naɗe zane ya aje kamar mutum na barci. Na ɗauki fitila na fita. Can bayan tasha na same shi, cikin wata rumfa da anka kewaye da tsohon kwano. Mai wurin na zaune bakin ƙofa da gwangwanin kuɗi, dala biyar kowane kai. Ciki yara sun fi 40, wasu ba su kai shekara 10 ba. Ga zafi, ga hayaƙin taba. Abin da na gani cikin tele ba zan rubuta shi nan ba.

Na jawo shi da kunne har gida, na doke shi. Da safe uwar ta gane inda canjin ƙosanta ke tafiya. Bayan kwana huɗu ya koma.

To, a nan ne na zauna na yi ma kaina gaskiya. Ni ma na yi. Muna yara a Maraɗi, sinima Vox ita ce duniyarmu. Fili ne babba, ba rufi, taurari na bisa kanka, fim ɗin Indiya na gabanka. Mukan yi dako a kasuwa mu tara kuɗin shiga. Babana ya doke ni a kan haka ya fi sau goma, ban bari ba ko sau ɗaya. Daga baya bidiyo ya shigo, gidajen sinima na garuruwanmu sunka yi ta rufewa, rumfuna sunka gaje su. Son kallo bai mutu ba, wuri kawai ya canza. Na ce ma raina: tunda yaron nan sai ya yi kallo, gara ya yi shi inda nake ganin shi.

Na fara da uwargida. Ta ce: «Malam, ɗakin nan in ka gyara shi, haya za mu sa. Ko mu bar shi ma baƙi.» Tana da gaskiya, don albashina ba wani abu ba ne. Munka kwana uku muna ja. Abin da ya sa ta yarda shi ne kuɗin ƙosanta, ba maganata ba.

Yayata ce ta fi wuya. Da ta ji labari ta zo tun da hantsi, ba ta ko zauna ba. Ta ce: «Kai yanzu ɗakin da Inna ke salla, take jan tasbaha, nan za ka sa kiɗa da rawa?» Na ce: «Yaya, ki tuna. Nan ne kuma Inna ke tara jikoki bayan isha'i tana yi musu gatana. Nan take kunna rediyo ta ji wasan kwaikwayo, tana dariya har da hawaye.» Ta ce gatana daban, fim daban. Ta ɗauki akwatin Inna da buzunta ta tafi da su gidanta. Ta ce ƙafarta ba za ta ƙara taka ɗakin ba. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, don ita ta goye ni.

Munka fara aiki bayan kaka, cikin 2021. Na ce ma yaron shi ne lebura, kuma ba biya. Ɗakin mita 4 ne a tsawo, mita 3 a faɗi. Munka fidda tarkace, munka toshe ramukan ɓera da fasassun kwalabe da siminti, munka shafe bango. Na so in shafa farar ƙasa ko'ina don kyau. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya hana ni. Ya ce farin bango na maido haske, ido na gajiya. Sai munka bar bangon gaba da launin ƙasa.

Taga ɗaya ce, tana kallon yamma. Ranar farko da munka gwada tele da la'asar, ba mu ga komai ba sai fuskokinmu da hasken taga cikin gilashi. Ashe tele ba ta son ta fuskanci taga. Munka maida ta bangon gefe, uwargida ta ɗinka labule da tsohon bargo. Munka rataye ta daidai idon mutum in shina zaune bisa benci. In ta yi sama da yawa, wuya ke ciwo.

Wurin zama kuwa, irin na sinima na kwaikwaya. Tabarma gaba don ƙanana. Benci tsakiya. Can baya munka gina dakali na laka mai tsawon kamu biyu, don na baya su ga bisa kan na gaba. Dakalin nan bai ci ko dala ba, kuma shi ya fi komai amfani.

Sai maganar murya. Ɗaki wofi mai rufin kwano amsa-kuwwa gare shi. Mutum na magana cikin fim, kana jin shi sau biyu. Maganinta abu mai laushi. Munka rataya tsofaffin tabarmi da buhunan algarara a bango, munka shimfiɗa zana ƙarƙashin kwano. Murya ta kwanta. Zanar ta kuma rage zafi kaɗan, ta rage ƙarar ruwan sama. Sai dai gara na son ta, dole a riƙa dubawa.

Wuta ce ta ci kuɗi, ita ce kuma ta ba ni kunya. Unguwarmu akwai kuran, amma yakan tafi ana tsakiyar fim. Na sayar da rago, uwargida ta ƙara da kuɗin adashe, na sayi panno mai aiki da rana da tele mai cin 12 bolt. Don in rage kuɗi sai na sayi tsohon batirin mota wurin wani makanike. Na haɗa shi kai tsaye da panno. Bai yi wata uku ba ya mutu. Maƙwabcina ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce batirin mota an yi shi don ya ba da ƙarfi mai yawa na ɗan lokaci, ya tada inji, sannan ya sake cika nan take. Ba a yi shi don a tsotse shi kowane dare ba. Kuma dole a sa ƴar na'urar nan da ake ce ma regilatar tsakanin panno da batir. Ita ke hana shi cika fiye da kima, ita ke yanke wuta kafin ya ƙare ƙaf. Arha ta sa na yi saye biyu.

Ga lissafin da ya koya mini, ko zai amfani wani. Batir mai ampa 100 da bolt 12, in ka ninka su, 1200 ke nan. Rabi kawai ake ci in ana son ya daɗe, wato 600. Tele tawa na cin wat 40, lasifika 15, fanka 25. Duka 80. In ka raba 600 da 80, awa 7 ne da ɗan kai. A aikace mukan samu awa 5 ko 6. Panno mai wat 150 na iya maida abin da anka ci cikin yini guda, in ya kalli kudu, ya ɗan jingina, kuma fuskarshi na da tsabta. Lokacin hunturu ƙura na rufe shi, sai an shafe shi da tsumma kowace safiya. Aikin autarmu ke nan. Batir kuwa waje munka gina mishi ɗan akurki mai iska, don irin mai ruwa na fidda iskar da ke kama wuta. Kar a aje shi inda yara ke zaune, kar a kusance shi da ashana.

Abin da ban samu maganinshi ba har yau shi ne zafi. Ɗakin kallo na son duhu, mutum na son iska. Cikin watan 4 da na 5, in rana ta wuce awo 40, ba mai iya zama ciki ko da fanka. Sai mu fiddo tele tsakar gida bayan isha'i. Mu koma sinimar da, mai taurari.

Da aiki ya ƙare na kafa doka uku. Ba kallo sai an gama aikin lakwal. In an kira salla a kashe. Ba fim ɗin da za a sa sai na gan shi tukuna. Ta ukun nan ita ta zama mini kaya. Yaro ya tafi wurin masu turawa, ya cika ɗan katin salula da fim 20, ya kawo. Wa zai kalli fim 20? Ni ne. Nakan zauna ni kaɗai da dare, ina gyangyaɗi gaban fim ɗin Indiya mai awa uku da anka fassara da Hausa. Wani lokaci uwargida ta karɓe ni. Mun ƙi wasu, mun yi gardama a kan wasu. Wata rana yaron ya ce: «Baba, wannan me ya yi?» Na rasa amsa, sai na ce a sa. Ina ganin daga ranar ne ya fara yi mini magana kamar mutum da mutum.

Abin da ya fi haɗa mu shi ne finafinan marigayi Ibro, wanda ya rasu a 2014. Babba da yaro duk dariya ɗaya. Sau ɗaya na so in nuna musu namu na gida. Na samo Cabascabo na Umaru Ganda, mutumin da ya fara cin babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972. Labarin soja ne da ya dawo daga yaƙin Indoshin, kuɗinshi sunka ƙare, abokai sunka watse. Na yi musu dogon bayani. Sunka ce ba launi, ba waƙa. Kafin a kai rabi, saura ni da uwargida, ita ma tana tsinkar zogale.

Cikin watan 8 na 2023 anka yanke wutar da ke zo mana daga Nijeriya, ba ta dawo ba sai watan 3 na 2024. Unguwa takan kwana cikin duhu, ɗakin Inna na da haske. Yaran maƙwabta sunka fara taruwa bakin zaure. Wani abokina ya ce: «Malam, arziki ya zo har gida. Sa dala biyar kowane kai, cikin wata shida ka maida kuɗin panno.» Ba zan ɓoye ba, na yi lissafin a takarda, kuma ya fita. Amma na tuna gwangwanin nan na bayan tasha. Mai karɓar kuɗi ba ya korar yaro don dare ya yi, ba ya tambayar inda yaro ya samo kuɗin. Na san kaina, ni ma haka zan zama. Na ƙi. Na ce duk yaron da zai shigo, sai uwarshi ko ubanshi ya zo ya faɗa mini da bakinshi. Wasu iyaye sunka zo. Wasu sunka ce ina da girman kai. Uwargida kuwa ta kafa kaskon ƙosai bakin ƙofa, ba ta nemi shawarata ba.

Kar ku ce na ci nasara duka. Yaron bai ƙara zuwa rumfa ba, wannan gaskiya ne. Amma yanzu ya girma, shina da salula tashi. Nakan ga haskenta ƙarƙashin zane da tsakar dare. Wannan ɗakin kallon ba ni da makullinshi. Ranar Juma'a da dare dai har yanzu shi ke haɗa waya, shi ke jera ƙannenshi bisa tabarma.

Ƙarshen shekarar 2023 anka yi kokowar takobi a Agadas. Jihohi 8, kowace da ƴan kokowa 10, kwana da kwanaki ana kallo. Gidanmu ya cika, har da tsofaffin da ba su taɓa shigowa ba. Ranar ƙarshe, Isaka Isaka na Doso zai shiga fili, sai ga yayata da mayafinta. Ta ce rancen turmi ta zo. Na ce: «Yaya, bismilla, ga wuri bisa dakali.» Ta ce ita ta riga ta yi magana. Autarmu ta kawo mata kujera ƴar tsugunne, ta zauna daga waje, daidai dokin ƙofa, ta juya ma tele kafaɗa. Da ihu ya tashi ciki, ta ɗaga labule da yatsa ɗaya ta ce: «Wa ya faɗi?» Anka ce Isaka ya ƙara ɗaukar takobi. Ta ce ai ta sani. Da anka watse ta tafi gida, ta bar turmin inda yake.