Idan Injin Ya Mutu a Sama

Manomin rani a Tungar Guru ya san abin yi idan injin ban-ruwa ya ɗauke: ya duba mai, ya goge fulogi, ya ja igiya. In ya ƙi, ya huta ya sake ja. Injin ƙaramin jirgi maras matuƙi mai shan fetur ɗan'uwan wannan ne, sai dai shi ba mai ja masa igiya a cikin gajimare.

Dogon zango ne ya sa ake jure wa fetur. Ƙananan jiragen batir masu farfela huɗu da ƙyar suke wuce rabin awa a sama, alhali Tsaigumi, wanda rundunar sojin sama ta ƙaddamar a Kaduna a Fabrairun 2018, an ce zai haura awa 10. Wanda zai sa ido kan dazuzzukan Anka da Bukkuyum da Gummi irin wannan juriya yake nema.

Amma sama ba ta yi wa inji daɗi. A tsayin mita 3,000 kaurin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, don haka kabureta da aka saita a ƙasa takan ba da man da ya fi ƙarfin iskar, fulogi ya jiƙe. Ko kuma jirgin ya karkata, bututun mai ya zuƙi iska. Da zarar ya mutu, iskar da ke kaɗa shi za ta shiga sanyaya shi, kuma injin da ya huce ya fi taurin kai.

Hanyar tayar da shi biyu ce. Ta farko a ɗora masa sitata, wadda nauyinta da na batirinta ke cin gurbin mai ko kyamara. Shi ya sa masu ƙera ƙananan jirage da yawa suke barinta a ƙasa. Ta biyu ita ce tura mota: a sunkuyar da hancin jirgin, gudunsa ya ƙaru, iska ta juya farfela har fistin ya kama. A ƙaramin inji wannan yakan gagara, domin farfelar gajeriya ce, matsin silinda kuwa ya fi ƙarfinta.

A nan ne lissafin yake da ɗaci. Jirgin da ke zamewa mita goma gaba kan kowace mita ɗaya da ya sauko, daga mita 3,000 yana da kilomita 30 a hannu. Duk sunkuyawar da aka yi don gwaji, daga wannan jari ake cira. Mai sarrafa jirgi nagari tun kafin tashi yake yanke tsayin da zai daina gwaji ya koma neman fili, kuma wannan ya fi jarumtar nacewa daraja, ko da yake ba shi ake ba da labari ba.

A yammacin Zamfara neman filin ma aiki ne. Ƙarƙashin fiffiken akwai gonaki da rugage da rufin ciyawa, ga tankin fetur a cikin jirgin. Akwai kuma tambayar wa zai riga isa wurin. Lokacin da CH-3 ƙirar Sin ya faɗi a yankin Mafa na Borno a Janairun 2015, hotunansa sun bazu a intanet, makamai na maƙale a fiffikensa. A dajin da 'yan bindiga ke yawo bisa babura, ba lallai sojoji ne za su fara taɓa tarkacen ba.