Mota Ba Ta Tashi Sai Ta Cika

Shekarar da nake aji biyu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda a yau take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, na jawo wa kawuna asarar tumaki biyu. Sanadin abin kuwa layi guda ne da ban rubuta ba a cikin wata 'yar manhaja da na haɗa masa. Har yau idan idona ya faɗa kan kalmar fflush sai in tuna da zaurenmu na Achika, da ƙarar janareto, da yadda shiru ya biyo bayanta.

Kawu shi ne ma'ajin ƙungiyar manoman unguwarmu. Da damina ƙungiya takan ɗauko taki ta raba wa mutane bashi, da kaka kowa ya kawo abin da ke kansa. Shekara da shekaru yana riƙe da lissafin a wani babban littafi mai bangon kwali, sunaye da ajami, kuɗi da lambobin boko. Ni kuwa ga ɗanyen kai, ga sabon ilimin harshen C yana yi mini ƙaiƙayi. Na yi ta yi masa magiya har ya yarda a gwada kwamfuta. Na rubuta manhajar cikin dare uku: a shigar da suna da adadin kuɗi, ta nuna su a fuskar kwamfuta da printf, ta kuma zuba su cikin fayil da fprintf. Na gwada ta ya fi sau ashirin, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ranar karɓar kuɗi ta kama Asabar, washegarin kasuwar Wudil, lokacin da waɗanda suka sayar da dabba ko hatsi suke da abin hannu. Kawu ya ɗauko littafinsa, na ce masa, "Kawu, yau dai a bar littafin nan ya huta." Ya dube ni, ya mayar da shi ƙarƙashin buzu. Tun daga hantsi har bayan la'asar mutum 63 suka biya, kowa ya leƙa ya ga sunansa da kuɗinsa a fuskar kwamfuta, ya tafi da farin ciki. Kwamfutar tsohuwa ce, batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da wuta take aiki. Ana cikin haka man janareto ya ƙare. Ban damu ba ko kaɗan. Aka sayo mai, aka tayar, na kunna, na buɗe fayil. Fayil na nan da sunansa, amma babu ko harafi ɗaya a cikinsa.

Na daɗe kafin in fahimci cewa kwamfutar ba ta yi kuskure ba. Ta yi daidai abin da aka tsara mata tun kafin a haife ni.

Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro harshen C a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, a wajajen 1972. Shi harshen a karan kansa ba shi da umarnin karatu ko na rubutu. Wannan aiki an bar shi ga wata taskar kayan aiki da ke tafiya tare da shi, wadda kowane ɗalibi yake kira a layin farko na manhajarsa da sunan stdio.h. Ta samo tushe daga wani aiki da Mike Lesk ya yi a wannan ɗakin bincike, ta bayyana a bugu na bakwai na Unix a 1979, sannan aka shigar da ita cikin ƙa'idar harshen da hukumar ANSI ta tabbatar a 1989. A cikinta fopen take, mai buɗe fayil, da fclose mai rufewa, da getc da fgets da fread na karatu, da putc da fputs da fprintf da fwrite na rubutu. Dukkansu suna aiki ne a kan abin da za mu iya kira magudana, wato hanyar da haruffa ke bi ɗaya bayan ɗaya tsakanin manhaja da waje. A jikin kowace magudana kuma akwai wata 'yar matattara a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira bafa.

Wanda ya taɓa shiga mota daga Wudil zuwa Kano ya riga ya san amfanin matattarar nan. Direba ba ya tashi domin fasinja ɗaya, domin man da zai sha da mutum ɗaya shi ne zai sha da mota cike. Haka manhaja take. Ba ta da ikon taɓa faifan ajiya da kanta, sai ta nemi babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta yi mata, kuma kowace nema tana cin lokaci. Idan za ka rubuta haruffa miliyan ɗaya, kana kai kowanne shi kaɗai, sawu miliyan ɗaya ke nan. Idan kuwa ka tara su a matattara mai cin bayit 4096, girman da aka fi samu a kwamfutoci masu Linux, sawu 245 ya ishe ka. Saboda haka idan ka kira fprintf, abin da take yi kawai shi ne ta shigar da fasinjanka mota, ta ce maka an gama. Motar tana nan a tasha.

Wajen karatu kuwa abin ya fi kama da randa. Ba wanda ke zuwa rijiya da moɗa duk lokacin da ƙishi ya kama shi. Ɗan garuwa ke cika randa sau ɗaya, mutanen gida su yi ta ɗiba. Idan manhaja ta nemi harafi guda da getc, taskar takan jawo dubbai a sawu ɗaya ta ajiye, ta miƙa mata guda, sauran su jira. Nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe: scanf ta ɗebi lamba ta bar alamar ƙarshen layi a gindin randa, fgets ta zo daga baya ta kamfato wannan saura, sai manhaja ta tsallake tambaya kamar an amsa mata. Wasu sukan yi ƙoƙarin wanke randar da fflush a kan stdin, alhali ƙa'idar C ba ta yi alkawarin komai a kan hakan ba. Ta iya yin aiki a kwamfutarka ta ƙi a ta abokinka.

Ƙa'idar ta tanadi tsari uku na tashin mota, ana kuma zaɓen su da setvbuf bayan an buɗe fayil, kafin a yi wani abu da shi. Na farko, _IOFBF, shi ne sai mota ta cika. Na biyu, _IOLBF, shi ne a tashi duk lokacin da layi ya ƙare. Na uku, _IONBF, shata ce: da shigar fasinja sai tafiya. Idan ba ka zaɓa ba, za a zaɓa maka. Abin da ke zuwa fuskar kwamfuta, inda mutum ke zaune yana jira, galibi layi-layi ake tura shi. Saƙon kuskure da ke bi ta stderr ba a bari ya jira cikar mota, domin labarin gobara ba ya jiran kowa. Fayil kuwa, wanda ba ya ƙorafin jira, sai an cika.

To, ga abin da ya faru a zaurenmu. Kowane suna da na shigar ya bi hanya biyu. Ta fuskar kwamfuta ya fita nan take, kowa ya gani. Ta fayil kuwa ya zauna a matattara. Kowane layi bai wuce haruffa 45 ba, mutum 63 ba su kai haruffa 3000 ba, matattara kuwa tana jiran 4096. Wuni guda cur motar tana tasha da fasinjoji, ba ta cika ba, har wuta ta ɗauke, abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta kuwa da wuta yake rayuwa. Hausawa sun ce gani ba ci ba ne. Me ya sa gwajina ashirin bai kama wannan ba? Domin kullum nakan fita daga manhajar ta ƙofar da na tanada, kuma idan manhaja ta ƙare salin-alin, ko aka kira fclose ko exit, taskar takan sallami duk motocin da ke tasha ko da fasinja ɗaya ne a ciki. Na gwada kowane irin shiga, ban taɓa gwada fita ta katanga ba. Malaminmu ya ambaci wannan a aji, ina can ina tunanin wani abu.

Kawu bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ƙirga kuɗin da ke cikin jaka sau biyu, ya ɗaure, ya ce, "Ɗan nan, kuɗi ga su, amma na wa da wa?" Washegari aka bi mutane gida-gida, kowa ya faɗi abin da ya kawo. Mafi yawa sun faɗi abin da mu ma muke tune da shi. Da aka haɗa jimla, abin da baki ya faɗa ya ɗara abin da ke cikin jaka da kuɗin buhun taki uku. Akwai wani dattijo da ya ce ya biya duka, ni kuwa ina ganin kamar rabi na shigar masa. Na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya ɗaga mini hannu. Daga baya ya ce da ni, "Da me za ka ƙaryata shi? Da abin da ka gani a gilashi?" Juma'ar da ta zagayo ya kora tumakinsa biyu kasuwa, ya cike gurbin, ya rufe maganar. Har yau ban san ko dattijon ne ya manta, ko ni ne, ko wani dabam ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, kuma a makon nan na gane dalili: rubutu yana kare mai gaskiya daga zargi kamar yadda yake kare mai bin bashi daga asara.

Gyaran layi ɗaya ne. Bayan kowace fprintf sai a kira fflush, wato a biya kuɗin kujerun da ba kowa, a ce wa direba ya tashi. Amma da na zauna na karanta abin da kyau, sai na tarar akwai tasha ta biyu. Ita fflush iyakarta ta miƙa wa babbar manhaja kaya. Babbar manhajar ita ma tana da tata matattarar, kuma a Linux kaya kan iya kai kimanin daƙiƙa 30 a can kafin su sauka kan faifai. Idan manhajarka ce ta faɗi, fflush ta cece ka. Idan wuta ce ta ɗauke, sai ka haɗa da fsync, wadda ba ta cikin ƙa'idar C, ta tsarin POSIX ce, ita ce ke tsayawa har kaya su shiga rumbu. Wannan ne ma dalilin da ya sa kwamfuta take so ka sallami filas kafin ka zare shi. Akwai kuma na uku: a duba amsar da fflush da fclose suka dawo da ita. Idan faifai ya cika, fprintf tana iya cewa lafiya lau, domin ita tasha kawai ta kai, sai wajen tashi matsalar za ta bayyana, su dawo da EOF. Wanda bai duba ba zai kwana yana zaton ya ajiye.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa matattara aibi ce. Ba don ita ba da kwafar babban fayil ta zama aikin wuni. Waɗanda suka tsara ta sun zaɓi sauri a matsayin al'ada, suka bar wa mai rubuta manhaja hukuncin inda tabbaci ya fi sauri daraja. Mai fitar da rahoto mai layi miliyan, wanda in ya ɓata za a sake fitar da shi, ya bar mota ta cika. Mai rubuta kuɗin mutane, suna 63 a wuni, babu abin da zai rasa in ya sallami kowane fasinja shi kaɗai. Su a can sun yi aikinsu a inda wuta ba ta cika ɗaukewa ba. Mu da muke rubuta manhaja a Wudil da Gaya da Kano, inda ɗaukewar wuta take cikin lissafin yau da gobe, ya kamata gwajinmu na farko ya zama zare waya daga bango ana tsakiyar aiki.

Da kaka ta zagayo na koma da manhajar a gyare. Kawu ya yarda, bisa sharaɗin littafinsa zai zauna a kan cinyarsa. Na yi masa bayanin tasha da mota, ya saurara har ƙarshe bai ce komai ba. Mutum na farko ya biya, na shigar, shi ma ya rubuta. Kafin ya kira na biyu sai ya juyo ya ce, "Ɗan nan, motar ta tashi?" Na buɗe fayil na nuna masa. Haka ya yi ta tambayata bayan kowane suna har magariba, ni kuma ina buɗewa ina nunawa.