Sittin ko tis'in: muryar da ta maƙale a gambun mota

A birnin Damagaram akwai wani darektan makarantar firamare da saura ƴan shekaru ya aje aiki, kowa kuma Mushe yake ce masa. Yana da tsohuwar mota Peugeot 405, samfurin da aka fara fitarwa a 1987, wadda ta shigo ƙasar nan ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano bayan ta gaji da hidima a Turai. Abokan aikinsa sun daɗe suna zolayarsa a kanta. Shi kansa bai taɓa tsammanin wata rana wannan mota za ta raba gardama tsakaninsa da yayansa ba.

Ga yadda al'amarin ya faru. Bayan rasuwar mahaifiyarsu, da aka buɗe adakarta, sai aka tarar da kaset ɗaya naɗe cikin tsohon kallabi. Mahaifinsu fatauci yake yi a Abijan, kuma maimakon ya nemi mai rubuta masa wasiƙa, sai ya zauna gaban rikoda ya faɗi abin da ke ransa, ya ba matafiyi ya kawo gida, kamar yadda ƴan cin rani da yawa suke yi a wancan zamani. Wannan kaset shi ne na ƙarshe. Ya ɗauke shi ne bayan karya darajar sefa da aka yi a watan Janairu na 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, ƴan kasuwa da dama suka kwana da jari suka tashi da bashi. Mutumin da ya kawo kaset ɗin, shi ne ya kawo labarin rasuwar mai shi. Tsohuwa ba ta iya sauraro ba, ta naɗe ta aje, shekara fiye da 30.

Aka nemi rikoda a unguwa, aka rasa mai aiki. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963 har ya shiga kowane shago da kowace motar haya, wayar hannu ta riga ta kore shi. Sai Mushe ya tuna rediyon motarsa yana cin kaset. Shi da yayansa, wanda ɗan kasuwa ne, suka shiga suka ɗaga gilasai, suka kunna. Muryar mahaifinsu ta fito daga ƙasan gambu, a daskare, kamar mai magana cikin tulu. Ya gaida kowa, ya yi nasiha, daga nan ya ce akwai bashin wani mai goro na unguwar Zango a kansa, idan ta Allah ta kasance a biya. Sunan mutumin ya fita sarai. Adadin kuɗin ne ya shige duhu. Yayan ya ji jika sittin, wato sefa 60.000, Mushe kuwa ya ji jika tis'in, wato 90.000. Sau uku suna mayarwa, kowa yana ƙara jin abin da ya ji da farko.

Mai goron ya daɗe da rasuwa, ƴaƴansa kuma ba su da wani littafi da aka rubuta bashin. Mushe ya ce a ba da tis'in, shi zai cika ratar daga albashinsa. Wannan magana ta ɓata wa yayan rai.

"Wato ni ne mai cin haƙƙin mamaci ke nan?" in ji shi.

"Haba Yaya, ban ce haka ba."

Amma magana zarar bunu ce. Kwana da kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa su. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai wanda ke kan mamaci ya fi hana iyali barci.

Mushe ya tafi wajen wani mai gyaran rediyo kusa da kasuwar Dole, dattijon da yanzu yawancin aikinsa wayoyi ne da fitilu masu cajin rana. Ya je da niyyar sayen manyan lasifiku sababbi. Dattijon ya saurari labarin, ya karɓi kaset ɗin ya saka a aljihun gaban rigarsa, ya ce ba za a sake kunna shi ba sai an gama aiki, domin tsohon zare duk juyi ɗaya da ya yi yana rage masa kwana. Da wani kaset na wa'azi zai yi gwaji. Ya fara da goge bakin ƙarfen da zaren ke gogawa, da auduga da alkol, audugar ta fito ja. Sauti ya ɗan washe, amma har yanzu yana cikin tulu. Sai ya durƙusa ya kara kunne a gambu.

"Mushe, aje kuɗinka tukuna. Lasifikarka tana magana, bakinta ne aka toshe."

Da ya kwance marfin gambun na ciki ya ɗaga shi ga rana, sai abin ya bayyana. Ragar robar da ke rufe lasifika, wadda daga waje ake ganin ta cike da huji, wani sashe nata ado ne kawai, ramuka ne da ba su ɓulle ba. Waɗanda suka ɓulle ɗin ƙanana ne cikin roba mai kauri. A bayanta akwai ƙyalle da ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta mayar kamar fata. Sa'an nan tsakanin bakin lasifikar da ragar akwai rata ta wajen yatsa biyu, inda sauti ke zubewa ya ɓace tsakanin marfi da ƙarfen gambu.

Abin da dattijon ya sani da hannu da kunne, masana sauti sun auna shi da lissafi. Lasifika takarda ce mai siffar mazurari da ke karkarwa gaba da baya tana tura iska, sautin kuma yana tafiya wajen mita 340 a daƙiƙa. Kunnen yaro mai lafiya yana jin karkarwa daga sau 20 zuwa sau 20.000 a daƙiƙa. Gindin muryar namiji yana wajen sau 100 zuwa 150. Sautin da ke karkarwa sau 100, tsawon igiyarsa ya haura mita 3, saboda haka yana kewaye duk abin da ya tare shi, ya ratsa roba da ƙyalle ba tare da wahala ba. Wanda ke karkarwa sau 6.000 kuwa, igiyarsa ba ta kai santimita 6 ba; miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, abu kaɗan ya tare shi sai ya raunana. Ga shi kuma lasifikar gambu tana daidai idon sawu, tana fuskantar ƙafafu, ba kunne ba.

A nan ne sirrin gardamar ƴan'uwan nan yake. Wasula da karin harshe a ƙasa suke tafiya, inda raga ba ta iya tare su. Baƙaƙe irin su s da sh da t da ts, ƙarfinsu a sama yake. Na s yawancinsa ya haura sau 4.000. To, sittin da tis'in wasulansu ɗaya, karinsu ɗaya, gaɓa ta farko ƙasa ta biyu sama, kuma dukansu da n suke ƙarewa. Abin da ya raba su shi ne wurin zaman s da t, wato daidai abin da ragar take cinyewa. Muryar da ke isa kunnuwansu ta zama kamar kalangu, wanda ke faɗin hawa da saukar magana, amma sai wanda ya riga ya san kirarin yake gane shi. Kowane daga cikinsu ya cika giɓin da abin da zuciyarsa ta raya masa. Ga kuma shekaru: kunnen mutum idan ya manyanta, siraran sautuka ne yake fara rasawa, su biyun kuwa duk sun haura 50. Matata uku ke nan muryar take ratsawa, tsohon zare da raga da tsohon kunne, kuma ta tsakiya ce kaɗai ke gyaruwa.

Da Mushe ya fahimci haka sai ya ce a yanke ragar gaba ɗaya a jefar. Dattijon ya ƙi. Ya ce wanda ya sa ta ba mahaukaci ba ne. Takardar lasifika ba ta jure shurin takalmi, ko yatsan yaro, ko kusurwar buhu. Kuma a bayanta akwai mayen ƙarfe da ke jawo duk wani ɓurɓushin ƙarfe, wanda idan ya shiga ciki sai ta riƙa ƙarar yashi har ta mutu. Aikin shi ne a sami ragar da za ta tsare ƙafa ta bar murya ta wuce.

Ya ɗauki marfin ya yi nesa da motar, saboda mayen ƙarfen, ya zana da'ira daidai faɗin takardar lasifikar, ya yanke robar a hankali ya goge bakinta. Daga tarin tsofaffin rediyoyin da ke bayan rumfarsa ya ciro ragar ƙarfe siririya, ya gwada ta da gwaji biyu: ya ɗaga ta ga rana ya ga haske ya fi ƙarfe yawa, ya hura iska ta cikinta ya ji ta a tafin hannunsa ba tare da tirjiya ba. Ya kafa ta daga ciki ya ɗaure ta tam, domin ragar ƙarfe idan ta yi sako-sako ita ma kaɗawa take yi, ya bar mata tazarar da takarda ba za ta taɓa ta ba idan tana karkarwa. Tsohon ƙyallen ya maye shi da wani shara-shara da zai tare ƙura. Sai ya yanko soson katifa ya yi zobe da shi, ya manna a kewayen bakin lasifikar, ta yadda idan an mayar da marfi soson zai cike ratar nan, sauti ya bi hanya ɗaya zuwa cikin mota.

Bai tsaya nan ba. Ya liƙe duk wata kafa tsakanin gindin lasifikar da ƙarfen gambu, domin takarda idan ta tura iska ta gaba, ta baya janyowa take yi, kuma idan iskokin biyu suka haɗu sai su kashe juna, kaurin murya ya tafi. Ledar da ke hana ruwan gilashi jiƙa marfi ya mayar da ita wurinta, hujojin ƙasan gambu da ruwan damina ke fita ta cikinsu kuma bai taɓa su ba. Daga ƙarshe ya cire wayoyi daga rediyo ya taɓa su da dutsen tocila mai volt 1,5, ya tabbatar takardun gambun hagu da na dama waje ɗaya suke motsawa, ba ɗaya gaba ɗaya baya ba. Yini guda aikin ya ci. Babu lasifika ko ɗaya da aka saya.

Da yamma Mushe ya biya ya ɗauko yayansa, wanda ya shigo motar fuska ba walwala. Dattijon ya ciro kaset ɗin daga aljihu, ya ba su shawara su kunna waya ta ɗauki muryar tun a juyin farko. Aka rufe gambuna. Da farko aka ji shuuu na tsohon zare, wanda a da ma ba a jin sa. Sa'an nan muryar ta fito. A bayanta akwai carar zakara da ƙarar wata mota da ta wuce a titin Abijan shekara 30 da suka shige. Akwai kuma wani abu da dukansu suka manta: mahaifinsu yana da wushirya, duk s ɗin da ya furta sai ta fito da ɗan siririn fito. Da aka zo wurin kuɗin, fiton nan ya faɗo a tsakiyar kalmar, ba a farkonta ba.

Yayan bai ce a mayar ba. Ya daɗe yana kallon gambun, sa'an nan ya share fuska da hannun riga ya ce: "Tis'in ne. Gobe da safe ka biyo mini mu je Zango."

Sun je. Babban ɗan mai goron ya so ya yafe, suka roƙe shi ya karɓa, ya karɓa ya yi wa iyayen biyu addu'a. Kaset ɗin ya koma cikin kallabinsa, muryar kuma tana cikin wayoyin ƴaƴa da jikoki. Motar tana nan tana kai Mushe makaranta kowace safiya, da ragar tsohon rediyo a gambunta, fentinta bai dace da na marfin ba.