Jar Rigar Pokou a Adakar Mahaifina

Tun ina yaro na san akwai wani kati a ƙasan adakar mahaifina, a cikin ambulan, tsakanin takardar shaidar zamansa a ƙasar nan da tsoffin rasiɗan goro. Girmansa bai kai tafin hannu ba. A jikinsa Laurent Pokou ne sanye da jar rigar Rennes, an buga shi a Faransa a shekarun da ya yi wasa a can, bayan ya bar ASEC. Wani abokinsa mai aiki a jirgin ruwa ne ya kawo masa tsaraba. Baba ya baro Katsina yana saurayi, ya zauna a Treichville yana sayen goro a Anyama yana aikawa Arewa. Almajiri ne da ya yi sauka, shi ke zayyana allunan yaran unguwarmu idan lokacin saukarsu ya zo, amma duk wannan bai hana shi son ASEC ba, so irin wanda ke hana mutum cin tuwon dare ranar da Africa Sports ta yi nasara. Yakan ba mu labarin ƙwallaye biyar da Pokou ya zura wa Habasha a wasa ɗaya a Sudan a 1970 kamar yana bakin fili, alhali a rediyo ya ji. Da Samuel Eto'o ya wuce ƙwallaye 14 na Pokou a gasar cin kofin Afirka ta 2008, sai da muka yi masa jaje.

Allah ya yi masa rasuwa a 2022. Bayan shekara biyu aka yi gasar a nan gida, aka sa wa ƙwallon gasar sunan Pokou, ga kuma filin wasa na San-Pédro da ke ɗauke da sunansa. Ranar wasan ƙarshe da Najeriya kuwa gidanmu ya rabu biyu, wannan labari ne na wata rana. Abin da ya shafe mu shi ne ƙanena ya sa hoton katin a intanet, wani mai tara irin waɗannan kaya a Faransa ya taya yuro 100, wato sefa dubu 65 da 'yan kai. Ga wanda ke sayen maganin hawan jini da na sukari wa tsohuwa kowane wata, wannan ba kuɗin rainawa ba ne. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: a tabbatar masa ba a taɓa launin katin ba.

Da na karanta saƙon sai gabana ya faɗi, domin na san abin da ƙanena bai sani ba. Ina ɗan shekara tara na saci katin na kai makaranta don in yi wa abokai fankama. A hanyar dawowa ya lanƙwashe a aljihuna, fari ya bayyana a kafaɗar rigar kamar an ja layi da alli. Na ɗauki jan alƙalamin launi na 'yan makaranta na cike wurin, na mayar da shi ambulan, na yi makonni ina jiran bulalar da ba ta zo ba. Sama da shekara talatin ina ganin na ci bulus.

Na hau gbaka na tafi Adjamé wurin wani dattijo mai gyaran agogo, tsohon abokin Baba, wanda sana'arsa ta koya masa kallon ƙananan abubuwa. Ban gaya masa komai ba, na ce dai mai saye ne ke son tabbaci. Ya goge hannunsa, ya saka ɗan madubin nan nasa a ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, duba fuskar tukuna, kada ka fara da rigar."

Abin da na gani ban taɓa tsammaninsa ba. Fuskar da ido ke gani sumul, a ƙarƙashin madubi ɗigo-ɗigo ce, kamar an baza gero a faifai. Injin buga hoto ba ya shafa launi yadda mai fenti ke shafa bango. Tawada huɗu yake amfani da su, shuɗiya da rawaya da baƙa da wata ja mai garai-garai, kowace yana sauke ta a ƙananan ɗigo masu jeri, ido ne ke haɗa su daga nesa ya ga launi guda. Jar rigar ma haka take, ɗigon ja a kan ɗigon rawaya, sahu-sahu ba gargada. Da na gangaro da madubin zuwa kafaɗa sai jerin ya yanke. Wurin ya zama shafe, ja ɗaya lufuf ba ɗigo ko ɗaya, kamar facin sabon ƙyalle a tsohuwar riga. Hannu ba ya iya yin waɗannan ɗigo komai gwanintarsa, shi ya sa wannan ce hujjar da ba ta da musu.

Ya juya katin. A baya, daidai saitin lanƙwasar, akwai ɗan dishi-dishin ja, domin tawadar alƙalamin yara ruwa-ruwa ce, inda fatar takarda ta tsage sai ta tsotse ta har ta ɓullo. Ya ce a irin wannan bincike a riƙa duba kaurin gefen kati ma, saboda masu gyaran kusurwa sukan bar alƙalami ya zame ya taɓa wurin da injin bai taɓa sa launi ba. Daga baya na karanta cewa a Amurka katunan 'yan wasan besbol da kamfanin Topps ya buga a 1971 sun yi suna da wannan matsala, don gefensu baƙi ne, ƙaramar gogewa sai fari ya fito, mutane kuma su bi da baƙin alƙalami. Kamfanonin da ke tantance kati a can ba sa ba wa wanda aka taɓa launinsa maki, sai dai su shaida cewa na asali ne amma an yi masa gyara, farashinsa kuma ya faɗi warwas. A kasuwar da aka sayar da katin Mickey Mantle na 1952 a kan dala miliyan 12.6 a 2022, ba abin mamaki ba ne ɗigon tawada ya zama abin shari'a.

Muka leƙa shagon maƙwabcinsa muka ari fitilar nan mai shuɗin haske da ake gwada takardun kuɗi, muka rufa da babbar rigarsa don a sami duhu. Takardar ta yi dusu-dusu bai ɗaya, kafaɗar kuwa ta fito daban. Sai dai ba tabo ɗaya ba ne, biyu ne: wani mai faɗi, karkatacce, da wani siriri a kansa wanda ya fi shi duhu.

Dattijon ya fito da katin bakin ƙofa, ya karkata shi yadda hasken rana zai gifta ta gefe. Mai faɗin ya mutu murus, ba ya ƙyalli. Siririn kuwa yana sheƙi, ya ɗan tashi a kan takardar, ya bi layin lanƙwasar tiryan-tiryan har inda nawa alƙalamin ya tsallake. Ya ce, "Na farkon aikin yaro ne, kowa ya gani. Na biyun nan tawada ce da aka dama da ƙaro, aka ja ta da alƙalamin gamba. Ni dai mutum ɗaya na sani a Treichville mai irin wannan hannu." Ya cire madubin daga idonsa ya ci gaba da agogon da ke gabansa, bai ƙara kallona ba, na kuwa gode masa da hakan.

Da dare na tambayi Inna. Ta yi dariya har da riƙe baki, ta ce, "Ai a ranar ya gani. Ya ce yaron da ya ji tsoro har ya yi wannan ɓarnar ya riga ya sha hukuncinsa. Da ya gama allon ɗan gidan liman ne ya ƙarasa da sauran jar tawadar."

Ƙanena ya ce, "Yaya, a hoton rana ba a ganin komai, mu tura masa haka nan, wa ya san ranar da zai duba?" Ban zarge shi ba, shi ke zuwa kantin magani, shi ya san farashi. Amma mun tashi a gidan da ba a ɗora farin goro a saman huhu a ɓoye mai tsutsa a ƙasa. Na ɗauki hoton kafaɗar ta cikin madubi, na ɗauki na bayan katin, na rubuta wa Baturen abin da ya faru tun daga aljihun wandon makaranta. Ya amsa cikin ladabi, ya ce yanzu ba zai wuce yuro 15 ba.

Ban sayar ba. Kuɗin maganin watan na karɓo bashi wurin wani abokin kasuwa, na biya shi bayan salla. Katin yana nan a ambulan ɗinsa, sai dai na sayi irin madubin nan a Adjamé, sefa 2,000, na ajiye tare da shi. Ɗana ya kusa cika tara, ya kuma fara tambayar abin da ke ƙasan adakar.