Makokin da Na Zauna a Aston

Baba ya cika da asuba a Kano, lokacin ina loda kwalaye a wani ɗakin ajiyar kaya a bayan garin Birmingham, wayata na kulle a loka. Disambar 2017 ce, makon da dusar ƙanƙara ta rufe garin. Da na tashi daga aikin dare na kunna waya, sai ga kiran ƙanwata a jere. Ina ɗauka ta ce, "Yaya, sai haƙuri." Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Kafin bas ta sauke ni a unguwar Aston an gama yi masa wanka. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kuɗin jirgi babu, ga jarrabawa a gaba, kuma ko da kuɗin, me zan je in tarar?

Kai da ka taɓa zaman makoki a gida ka san yadda abin yake. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane su zo su durƙusa, a shafa fatiha, a ce "ya haƙuri?", sai a yi shiru. Wani ya tashi, wani ya zauna. Kwana uku ba mai tambayarka aiki. A can kuwa, 'yan gida da muke karatu tare sun zo, Allah ya saka musu da alheri, muka yi addu'a bayan isha'i, kowa ya kama gabansa, don kowa da nasa aikin daren. Shugaban sashenmu ya dafa kafaɗata ya yi mini jaje, sannan ya tambaya ko zan iya shigowa ranar Alhamis. Na shigo. Abin da ya fi firgita ni shi ne hawaye ya ƙi zuwa. Inna, da ke cikin takaba, ita ce ke kira tana tambaya, "Ka dai ci abinci?" Ni kuma in amsa mata da murya garau.

A wurin aiki akwai wani ɗan Polan, dogo, gashi har gadon baya, kullum cikin baƙar riga. Ban taɓa sakin jiki da shi ba. Da labarin ya kai kunnensa lokacin shan shayi, bai ja dogon jaje ba. Wayata ya karɓa, ya lalubo wani faifai mai suna Mirror Reaper na ƙungiyar Bell Witch, wanda ya fito a Oktoban shekarar. Ya ce, "Waƙa ɗaya ce, minti 83. Kada ka saurara a bas. Ka zauna." Hoton bangon wata ƙatuwar halitta ce a lulluɓe, da wani makeken madubi. Sai murmushi yake yana gaya mini ɗan ƙasarsu ne ya zana, Mariusz Lewandowski. Na yi godiya, a zuciyata ina cewa wannan Bature bai san me ake ba wanda aka yi wa mutuwa ba.

Daren Asabar barci ya gagara. Ɗakin na warin danshi, hita na ƙara ba ta ɗumamawa, hasken fitilar titi na shigowa ta gefen labule. Na sa abin sauraro a kunne. Da farko tsirkiya ɗaya ce ke magana a hankali, sauti ya fito, ya daɗe yana shawagi, sai ya kusa mutuwa wani ya biyo. Har na fara tunanin wayar ce ta sami matsala. Can sai komai ya rufto. Ganga ta sauka, nauyin sautin ya danne mini ƙirji, wata murya ta taso daga can ƙasa, gurnani zalla, ba kalma ɗaya da zan iya tsinta. Na fizge abin daga kunnena, na yi a'uziyya, na kunna fitila. Ni, magidanci, na zauna a bakin gado ina kallon ƙofa.

Ranar Litinin da na ba ɗan Polan labari, ya yi ta dariya har da buga tebur. Daga nan ya zauna ya yi mini karatu. Sunan irin wannan kiɗa doom metal, kuma, in ji shi, a unguwar da nake kwana aka haife shi. 'Yan Black Sabbath yaran Aston ne. Mai jitarsu, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 injin wata masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu. Ya ƙera wa kansa hulunan yatsa da robar kwalba, daga baya ya sassauta tsirkiyoyin don su rage masa zafi, sautin ya yi ƙasa, ya yi nauyi. Faifansu na farko ya fito a 1970. A farkon shekarun 1990 wasu matasa a Finland, irin su Thergothon da Skepticism, suka ƙara rage wa kiɗan gudu har ya koma tafiyar masu ɗauke da gawa. Daga wannan reshe Bell Witch suka fito, a Seattle ta Amurka. Mutum biyu ne kacal. Dylan Desmond na riƙe da jita mai kaurin murya, yana taɓa tsirkiyoyin da hannu biyu, ɗaya na ɗauke da nauyin, ɗaya na rera kukan. Jesse Shreibman na kan ganguna da ogan. Kullum ina bi ta titunan Aston zuwa tashar bas, ban san komai a kan wannan ba.

Na sake gwadawa da rana, labule a buɗe, shayi a hannu. A nan na fara fahimtar abin da ya tsere mini a daren farko. Kiɗan ba ya gaggawar kai ka ko'ina. Tsakanin bugun ganga da mai bi masa, za ka shaƙi numfashi ka fitar, ka tuna wani abu, ka dawo. A cikin waɗannan giɓoɓi na ga Baba yana ɗaure kekensa a zaure, na ji warin man zafin da yake shafawa a gwiwa. Gurnanin da ya kore ni ya daina kama da na aljanu, ya koma na mutumin da magana ta ƙare masa. Bayan tsakiya nauyin ya janye, ogan ya shimfiɗu, wata siririyar murya ta Erik Moggridge ta shigo tana rerawa can nesa. Ban motsa ba har shayin ya huce.

Sai daga baya abokin nawa ya gaya mini sauran labarin. Tsohon makaɗin gangarsu, wanda suka kafa ƙungiyar tare da Desmond, Adrian Guerra, ya rasu a Mayun 2016, suna tsakiyar shirya faifan. Suka koma cikin abin da aka naɗa lokacin faifansu na 2015, Four Phantoms, suka ciro muryarsa da ba a yi amfani da ita ba, suka dasa ta a tsakiyar waƙar. Ashe ɗaya daga cikin muryoyin da na saurara ta mamaci ce.

Tsigar jikina ta tashi, don ni ma ina da irinta. A WhatsApp akwai saƙon murya da Baba ya aiko ta wayar ƙanwata kafin ya kwanta ciwo, na ajiye zan ji in na huta, hutun bai zo ba. Tun rasuwar nake tsallake shi. A daren na saurari faifan daga farko har ƙarshe, sannan na danna saƙon. Ba wasiyya ba ce. Cewa ya yi ya ji a rediyo ana sanyi a Ingila, in riƙa sa safa, in riƙe salla, kuma tabaran karatunsa ya karye, in na samu mai zuwa in aiko masa da wani. Nan hawayen ya zo, har maƙwabcina ya ƙwanƙwasa bango.

Na san abin da malamanmu ke faɗa a kan kiɗa, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Mirror Reaper bai roƙa wa Baba gafara ba, wannan a kan sallaya nake yinta, kuma ina yi har gobe. Abin da faifan ya yi mini shi ne ya zaunar da ni wuri ɗaya, minti 83, a garin da ba wanda yake da lokacin zama. Har yau ban san kalmomin waƙar ba, ban kuma nema ba. Nakan kunna ta in Disamba ta zo.

In kana ƙasar waje aka yi wa ɗan'uwanka rasuwa a gida, kada ka tsaya a saƙon ta'aziyya ta waya. Ɗauki hutun yini guda, ka je ɗakinsa, ka zauna da shi ko ba za ku ce uffan ba. Allah ya jiƙan iyayenmu.