Daga maganar bakin rijiya zuwa sanarwa a Facebook



Matasa da yawa suna tambayata yadda za su yi rubutunsu na Facebook ya yi kama da na ƙwararru. In ka bi maganar da kyau, abin da suke nufi shi ne Faransanci mai nauyi da hoto mai ado. Ni kuwa amsata ɗaya ce: ku saurari cigiyar dabbobi a radiyo, ku kwaikwayi tsarinta.

Mutum in ya zo mana da cigiyar taguwa, ba mu barinshi ya ce "ta ɓace" ya tashi. Fara ce ko ja? Shaidar wuta a wuya take ko a cinya, dama ko hagu? Kunnenta da tsaga? Wace rijiya anka gan ta ƙarshe, kuma wace rana? Wa za a kira? Amma a Facebook sai ka ga an rubuta "a taya mu da addu'a, bisashenmu sun ɓace", an liƙa hoton wani raƙumi da anka ɗauko daga intanet. Mutane su yi ta cewa amin, babu ko ɗaya da ya san inda zai duba.

Maganar kuɗi ta fi ba ni ciwon kai. Mu nan da dala muke lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya dala 200, wato sefa 1000. To a ce yaro ya dawo daga kasuwar Sakabal ya rubuta "tiyar hatsi 150". Shi dala yake nufi, sefa 750 ke nan. Ma'aikacin da ke Yamai ya karanta sefa 150, ya ce ashe arewacin Dakoro ana cikin wadata. Wanda ke Najeriya kuma ya ɗauka naira ce. Lamba ɗaya, farashi uku. Rubuta "dala 150 (sefa 750)", ka sa sunan kasuwa da rana. In rago ne, faɗi shekarunshi, musamman gab da sallar layya, lokacin da ɗan ci-rani ke duba rubutunka kafin ya turo kuɗi ta Nita ko Amana.

Sai wokal. Yawancin iyayenmu ba su karanta boko, muryar WhatsApp suke ji, da Hausa, da Tamashek, da Fulatanci. Matsalar ita ce wokal in an tura shi hannu uku, ranar da anka yi shi ta ɓace. Labarin gobarar daji na bara yana iya dawowa bana bayan kaka, lokacin da ciyawa ta bushe, makiyayi ya kora garkenshi tsakar dare a banza. Shi ya sa mu a radiyo ba mu fara labari sai da wuri da rana. Kai ma fara haka: "Ni wane, daga wuri kaza, yau Talata, kaza ga wata." Kuma kada ka wuce minti ɗaya, rezo ɗinmu kun san halinshi, forfe kuma ba kyauta ba ne.

Inda abin ya wuce wasa shi ne ɓarnar gona. Muna zaune ne inda noma da kiwo ke haɗuwa. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta, kowa ya sani. "Makiyaya sun afka wa gonakinmu" jimla ce mai tada gari. "Garke ɗaya ya shiga gona ɗaya a wuri kaza jiya da dare, an kai maganar wurin mai gari" ita ce labari. Ta farko ta tara ƙabila gaba ɗaya ta ɗora mata laifi, ta biyu ta bar wa mai gari da kwamitin COFO aikinsu. Manyanmu ba su manta da Toda ba, cikin jiharmu ta Maradi, inda a 1991 anka kashe mutum sama da ɗari, alhali lokacin babu salula ko ɗaya da za ta ƙara wa wutar iska. Ga kuma dokar laifuffukan intanet ta 2019, wadda a watan Yunin 2024 anka maido mata da hukuncin kaso kan zagi da ɓata suna. Kafin ka kira sunan mutum, ka tabbata kana da abin nunawa.

Game da ChatGPT da ire-irenshi, ban hana ba. In takarda za ka rubuta wa meri ko wani porje, yana gyara Faransanci da kyau. Sai dai bai san sunan rijiyarku ba, bai san ko 150 dala ce ko sefa ba, kuma in ka bar shi zai cika maka shafi da gaisuwar ofis. Kai za ka ba shi gaskiyar, ka sake karantawa kafin ka tura.

Mu da munka yi lise da Faransanci muna da wata ɗabi'a, ba mu ganin magana ta zama ta hukuma sai an juya ta zuwa harshen nasara. Amma tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, kuma wanda kake son ya nemo maka taguwarka da ita yake ji. Rubuta da Hausa, ka sa haruffa masu lanƙwasa, Gboard yana da su, don "baki" daban, "baƙi" daban.

Hoto kuma, ɗauki dabbar ta gefe, da rana, yadda shaidar za ta fito. In a bakin rijiya ne akwai mata da yara a wurin, nemi izininsu tukuna, ko ka juya salular.