Kunyar da Digiri Bai Wanke Ba: Ɗaliban Labanon da Taɓin Hankali

Mai karatu, a Labanon idan ana son muzanta mutum a ce ya zautu, sai a ce masa wurinsa Asfuriyya. Sunan wani asibitin masu taɓin hankali ne da aka kafa kusa da Bairut a 1898. An rufe shi a 1982, amma sunan ya zauna a bakin mutane a matsayin gori, kamar yadda Bakano ke ambaton Dawanau.

Da wannan gado ɗalibin ƙasar ke shiga jami'a. A aji ana koya masa cewa ciwon damuwa cuta ce mai magani. A gida kuwa, Musulmi ne ko Kirista, yakan ji an danganta ta da kambun baka, sihiri, aljanu ko raunin imani. Abin da ya fi ɗaure masa harshe shi ne sunan gida: idan magana ta fita, wa zai nemi auren ƙanwarsa?

Ga shi matasan nan sun ga tashin hankali. Tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe daga 2019, har magunguna suka yi ƙaranci. Ranar 4 ga Agusta, 2020, fashewar tashar jiragen ruwan Bairut ta kashe mutum sama da 200. Ma'aikatar lafiya ta buɗe shirin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2014, ƙungiyar Embrace kuma tana da layin waya na 1564 domin masu tunanin kashe kansu. Sai dai wanda ke tsoron a gan shi ba ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Ni mai harhaɗa magunguna ne a asibiti, na san kamannin wannan kunya. Ita ce ke sa matashi mai ilimi ya roƙe ni in cire ƙwayoyinsa daga kwali kada a karanta sunan a gida. Ita ce ke sa shi yanke maganin da kansa. Ka sani, maganin damuwa irin su sertraline yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji sauƙi, kuma dakatar da shi farat ɗaya na iya kawo jiri, rashin barci da dawowar ciwon.

Saboda haka idan ɗanka ko ƙanwarka ta buɗe maka cikinta, ka riƙe mata sirri, ka raka ta wurin likita. Ka yi mata addu'a, ka kuma tambaye ta ko ta sha maganinta na yau.